Hoton da ya sa Inna kuka

Yaya Zinatu,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya mutanen Bukkuyum?

Na ji Inna ta ga hotona baƙi da fari a wayarki ta fasa kuka, wai sai mamaci ake sa wa irin shi. Ki ba ta haƙuri. Ni na ɗauki kaina a ɗakina nan Agadas, ni na cire kalar. Lahiya lau nike, aikin gini na tafiya.

Idanuna ne dai suka yi ruwan ɗorawa, an ce shawara ce. Duk hoton da na ɗauka sai ta fito. Da na cire kala, sai ta ɓuya.

Ki ce mata yayin samari ne. In ta nemi mai kala, ki ce wayata ta lalace.

A sa ni a addu'a.

Ƙanenki,
Dalhatu