Gaisuwar Tsaye ta Mutmainna

Bukan Sidi, Lafia.

Zuwa ga ɗana Ɗanliti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Iveren da tagwayen da har yau ban sa su a ido ba. Allah ya ƙara mata sauƙi, ya raya su. Mu nan lafiya, sai gwiwar nan tawa da ka sani. Ruwa ya zauna bana, doyar gonarmu ta Akurba ta yi kyau. Yayarka Jumai ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa, na kuma ja mata kunne kada ta sassauta mini magana. Da gangan na ƙi waya, domin a waya katse ni kake yi, ka ce Baba na gane, alhali ban ma fara ba.

Labari ya iso ni, ba daga bakinka ba, wai ƙarshen wata za ka taso daga Fatakwal ka ɗauke Mutmainna ka kai ta Makurɗi wurin kakarta ta wajen uwa, Ngumimi, wai ni ba na jituwa da yarinyar. Jumai ka gaya wa. Ni mai gidan sai a bakin wasu na tsinta, kamar dai lokacin aurenka. To, ka saurara ka ji yadda abin ya faru. Ka kawo mini yarinya 'yar shekara bakwai saboda uwarta na jinya, ka sa ta makaranta a nan, ka juya. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Gwandara, ko yaren uwarta ba ta ji, sai Turanci zalla. Ko wasan jika da kaka ba mu iya yi.

Tun safiyar farko, na fito tsakar gida tana zaune tana shan koko, sai ta zabura ta miƙe ƙyam, hannaye a gefe kamar sabon kurtu, ta dube ni tsakiyar ido ta yi gaisuwarta. Kai ka san gidan da ka tashi. Yaro durƙusawa yake, ya sunkuyar da kai, sai babba ya sallame shi. Na ce baƙunta ce, na ƙyale ta. Amma in na shigo ta miƙe, in na fita na dawo ta miƙe. A raina na ce wannan raini koya mata aka yi, har na fara lissafin wa ya koya mata. Ran da aminina Alhaji Sharhabilu ya zo mini da baƙi, muna zaune a tabarma, ta zo ta tsaya a kanmu tana kallon dattawa ɗaya bayan ɗaya. Nan na daka mata tsawa da ɗan Turancin da nake da shi, get aut, wanda wani maigadi ya taɓa jifana da shi. Ta ruga bayan rumbu tana kuka. Abin da aka kai maka ke nan. Ban taɓa ta ba.

Da na ga ta daina cin abinci in ina wurin, sai na je gun maƙwabcinmu Malam Terhide, tsohon malamin firamare, na ce ya ba ni Turanci daidai na magana da jika, ba na neman aiki ba. Ɗanliti, wannan harshe da ka zaɓa wa 'ya'yanka ba shi da tsayayyar magana. Ya ce suna ɗaukar kalma guda su maƙala mata wutsiya, wutsiyar ce ke juya ta. Get of, tashi. Get in, shiga. Get aut, ka ga wanda na sani. Na ce to shi get ɗin shi kaɗai me yake nufi, ya ce samu. Samu kuma? Luk duba ne, amma luk afta wai kula da mutum, luk fo wai nema. Ya ce of sama ne, na riƙe. Can ya kawo gib of, wai sallamawa, mutum ya haƙura da abu. Na ce me aka miƙa wa sama? Ya yi dariya har da tari, ya ce haka nan ake haddace su, ba a tambaya. Wai kuma akwai wani of ɗin na kashe fitila, daban da na tashi. Ni a kunnena duk ɗaya ne. Na kwana da su, gari ya waye sun cakuɗe kamar wake da tsakuwa.

Da muka zo kan sitan of, wato miƙe tsaye, sai na ba shi labarin tsayuwar yarinyar, ina jiran ya taya ni faɗa. Sai ya riƙe baki. Ya ce ai a makaranta in malami ya shigo, aji duka miƙewa yake, kuma wanda ya sunkuyar da kai ana yi masa magana ana ɗauka ƙarya yake ɓoyewa. Wai duk tsayuwar nan girmama ni take, irin girman da take ba shugaban makaranta. Na ce yaya za a yi a girmama mutum ta hanyar fin sa tsawo? Har yanzu abin bai zauna mini ba. Amma na tuna yadda take ajiye kofinta da sauri, har koko na zuba mata a ƙafa, don kada in iso ta a zaune.

Ana cikin haka Jumai ta koya mata durƙuso. Yarinya ta je ta durƙusa wa malamarsu a gaban aji, yara suka yi ta yi mata dariya. Daga ranar in ta gan ni sai ta maƙale a bakin ƙofa, gwiwa a lanƙwashe, ba ta tsaye ba ta durƙushe, tana karanta fuskata. Wannan ya fi komai ci mini rai. Na sa Jumai ta gaya mata a gidan nan ita kaɗai na yarje wa gaisuwar tsaye. Kada ka ɗauka ina cewa na yi kuskure. Laifin naka ne, da ba ka gaya mata namu ba, ba ka gaya mini nata ba.

Yanzu da la'asar takan jawo mini kujera ta ce Kaka sit dan, in zauna. Ta ba ni kalmar Turanci guda, in ba ta ta Hausa guda. Jiya ta ce mini sannu da aiki, bakinta a karkace, amma ta faɗa. Ni kuwa in na kuskure wutsiya sai ta girgiza kai kamar wata babbar malama, ta sa ni maimaitawa. A haka za ka zo ka ɗauke ta? Can ma wani sabon yare za ta tarar da wata sabuwar gaisuwa, ta sake maƙalewa a bakin wata ƙofa.

Jumai na gaishe ka, haka gwaggonka Zuwairatu da Alhaji Sharhabilu. Ka gai da Iveren, ka shafa mini kan tagwaye, ka kuma aika gaisuwata ga Ngumimi, ba ni da rigima da ita. Ban ce ina roƙonka ba. Ina dai sanar da kai na ba Mutmainna kunyoyin gyaɗa a bayan gida, da hannunta ta shuka, kuma ni ba na tone amfanin mutum ba ya nan. Ka bari a tone, sai mu yi magana. Ka kuma sani, in an cire gyaɗar, riɗi za mu zuba a wurin, ni da ita.

Ni ne mahaifinka,
Babandi.