Rasuwar Baba A-Hankali da Maganar Jan Ƙyalle

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Motocin Janwe ta karɓi labarin rasuwar ubanta, shugaban dattawanta kuma amintaccenta, wanda manya da yara suka sani da Baba A-Hankali. Allah ya karɓi ransa ranar Talata da hantsi a gangaren kasuwa, yana riƙe da sitiyarin wata tsohuwar bas da ake ja zuwa gareji. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya tsufa a wannan sana'a, kuma kusan duk wanda ke jan mota a cikinmu a hannunsa ya koya. Ba don wasa aka laƙaba masa wannan suna ba. Mutum ne da zai shanya mai mota a rana har sai ya zagaya, ya taɓa kowace ƙugiya, ya leƙa ƙarƙashi, mai motar na ta tsaki shi ko a jikinsa. Ya tsani jan babbar mota da sarƙa, domin bas ɗin da injinta ya mutu ba ta da birki, sandar ƙarfe ce kaɗai ke riƙe ta a gangare. Kullum maganarsa ita ce, "Sarƙa ja kawai ta iya, ba ta san tsaya ba."

Sai ga shi ran nan babu sandar a motarsa. Wani ɗan ƙungiya ya zo aro da safe, Baba kuwa bai iya hana aro ba. Daga baya aka kira shi cewa bas ta mace a kan tudu ta tare hanya, ya ce a ɗaura sarƙa a gusar da ita. Babban ɗansa, wanda shi ma cikakken direba ne mai iyali, ya nemi ya zauna a bas ɗin. Uban ya ƙi, ya tura shi ya tuƙa janwe, shi kuma ya hau bas ɗin da kansa. Suna shiga gangare sarƙar ta tsinke.

A nan ne Ƙungiya take son jama'a su buɗe kunne, domin abin da ke yawo a gari ya ɓata mana rai ƙwarai. Wasu da ba su taɓa riƙe ko sifana ba suna cewa ɗan ya taka mota ya gudu ya bar mahaifinsa. Wannan magana ƙarya ce, kuma zalunci ce. A aikinmu, wanda ke cikin matacciyar mota ba shi da odar da zai danna, sai dai ya yi alama da jan ƙyalle. Idan ya ɗaga shi sama, a tsaya. Idan ya kaɗa shi gaba, na gaba ya kauce ya ba da hanya, kada ya waiwaya. Masu kayan miya da ke bakin titi sun shaida mana cewa sun ga hannun Baba ta taga yana kaɗa ƙyallen gaba da iya ƙarfinsa. Da ɗan ya taka birki, da bas ta murƙushe janwe, su duka biyu su afka cikin rumfuna. Da ya kauce, sai Baba ya samu fili ya karya sitiyari, ya kai bas jikin kwalbati. Ko tire ɗaya na tumatir bai zube ba.

Daga yau Ƙungiya ta haramta wa 'ya'yanta jan babbar mota da sarƙa, ko da taku goma ne, ko da hanya ta toshe.

Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakin marigayin, Hajiya uwarmu, da 'ya'yansa da jikokinsa da ɗaukacin dangi. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa Aljanna ce makoma, ya ba iyalansa juriyar wannan babban rashi.

Ga ɗan'uwanmu kuma, babban ɗan marigayin, da muka ji ya kulle kansa a ɗaki tun da aka dawo daga maƙabarta, ko gaisuwa ba ya karɓa, Ƙungiya tana roƙonsa ya fito ya zauna cikin mutane. Mu muka ciro Baba daga cikin bas, kuma jan ƙyallen na damƙe a hannunsa. Umarnin mahaifinka ka bi, ba guduwa ka yi ba.

Sa hannu:
Dogo Mai Ƙugiya
Kakakin Ƙungiyar Masu Motocin Janwe