Bakin Kuku

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya maigidan da yara, yaya ƙafar nan taki? Ni jiki lafiya lau, zuciya ce ta ƙi zama wuri ɗaya.

Kin san zauren nan namu na waya, inda mu ashirin da uku muke wasan labari a rubuce. Jirgin ruwan fatake muka ƙaga, kowa da rawar da yake takawa. Ni ce likitar jirgi, ni ce kuma mai kula da zauren. Malama, aminiyata da muka kafa shi tare, ita ce kyaftin. Akwai wani da ban taɓa gani ba, shi ne kuku. Yaya, mutumin nan ya iya labari, amma bakinsa ba linzami. Tukunya ta ƙone, ashar. Iska ta taso, ashar.

Makon jiya 'yar Malama ta ɗauki wayar uwarta ta karanta. Malama ta ce in zaɓa: ko a tace zagi, ko ta fita da mutanenta. Wasu kuwa suka ce ma'aikacin jirgin da ba ya zagi ai liman ne. Yau a kantin maganin da nake aiki sau biyu mai kanti yana kirana ban ji ba. Ki ba ni shawara.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, na ga amsarki, na gode. Na bi maganarki, na sa manhajar da ke rufe kalmomin zagi da alamar taurari. Sai ga ta ba ta da hankali: har "uwargida" ta cinye, an yi ta dariya.

Kuku bai yi dariya ba. Ya rubuto dogon labarin gobara a kicin, rabinsa ya fito taurari. Sai ya ce, "Likita, an yanke mini harshe karo na biyu." Ya fita daga zauren. Kwana biyar ke nan. Zaure ya yi tsaf kamar ɗakin jiran asibiti, ni kuma ina ta juya maganarsa. Wane ne ya yanke na farko?

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaishe ki, a shafa mini kan yara. Ki zauna kafin ki karanta.

Matar Kuku ta kira ni. Ashe makanike ne, shekara biyu da ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Da babban yatsan hagu yake rubuta duk abin nan. Ta ce a gida kowa sannu yake masa kamar jariri, a jirginmu kaɗai ake mayar masa da martani kamar namiji mai lafiya. Tun da ya fita, bango yake fuskanta.

Na tashi daga aiki na wuce gidan Malama. Na ce mu raba zauren biyu, saman jirgi a tace, kicin a bar shi yadda yake. Ta yi hawaye, amma ta ce, "Auta, tausayinsa ba zai goge abin da 'yata ta karanta ba." Washegari ta fita daga zauren, mutum shida suka bi ta. Na buɗe kicin ɗin duk da haka, na tura wa Kuku saƙo.

Yau da safe ya dawo. Ya rubuta cewa kuku ya dafa abinci, ya kai ƙofar ɗakin kyaftin, ya ƙwanƙwasa, ba kowa, ya zauna nan a ƙasa da faranti a cinya. Ko zagi ɗaya babu. Sannan ya turo mini ni kaɗai: "Je ki dawo da ita. A saman jirgi zan riƙe bakina."

Ban san ko za ta saurare ni ba. Na roƙi mai kanti awa ɗaya, takalmina na ƙafa. Ki taya ni da addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta