Na Fasa Akwatin Jarumin Mijina

Anti Muriel, ki cece ni, aurena na shekara talatin da ɗaya yana lilo. Mijina Clive yana tara tsofaffin mujallun zane na jaruman nan masu tashi sama, masu sa kamfai a kan wando. Ɗaki guda ya ba su, ni kuwa keken ɗinkina yana gareji. Akwai ɗaya ta 1963 da ya aika wa masana, suka ba ta maki, suka liƙe ta cikin akwatin roba don kada hannu ya sake taɓa ta. Ran Lahadi kaɗai yake fito da ita, ya ja labule wai rana za ta cinye launi. Rana, a garinmu Grimsby da kullum hadari ne! A bangon mujallar, jarumin ya tallafe gadar mota da hannu ɗaya, wata mata tana faɗowa. Kullum na tambaya ko ya cafe ta, sai Clive ya ce mana, ya cafe.

Da ya tafi baje kolin masu tara mujallu a Birmingham, na sa wuƙar bota na ɓalle akwatin. Anti, a ciki babu gada, babu mata! Shafi ashirin yana kokawa da wata ƙatuwar kaguwa. Ashe Clive bai taɓa karanta ta ba. Ga kuma shatin kofin shayina a goshin jarumin. Jibi Lahadi, ko barci ba na yi. In ce kyanwa ce?

Mai Wuƙar Bota, Grimsby

'Yar'uwa, bar kyanwa ta huta, ba ta shan shayi. Kin yi laifi. Mutumin da ya shekara talatin yana kallon zane ɗaya bai gaji ba, ba abin raini ba ne. Irinsa ba ya sauya mata. Amma shi ma da nasa: ya kulle labari don tsoron ƙura, ya kuma ƙaga miki ƙarshensa da bakinsa.

Kada ki jira Lahadi. Gobe ki dafa abin da ya fi so, ki faɗa masa kafin ya ɗauki cokali. Kada ki goge shatin, za ki ƙara ɓarna. Zai yi kwana uku ba ya magana. Ki yi amfani da shirun ki dawo da kekenki cikin gida. Ran na huɗu ki zauna kusa da shi ki karanta masa, tunda ke kaɗai ce a gidan kika san yadda aka ƙare da kaguwar. Allah ya daidaita ku.

Anti Muriel