Mai Zuwa Ɗibar Wuta

Yaya Hadiza,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya? Yaya ƙafar Inna, yaya yara da mutanen gida duka? Mu nan Yamai lafiya lau, sai kewarku.

Bayan haka, maigida ya sayo mini resho, murhun nan mai aiki da kananzir. Ya ce a buronsu, wato ofishin da yake aiki, ana hasashen itace zai yi wuya, don gari yana ta cika, masu raƙuma kuma sai sun yi nisa kafin su samo shi. Wai nan gaba kowane gida sai resho ko kuran, wato lantarki, har mu na unguwar Bukoki.

Kin san ba ni da kowa a unguwar nan. Mutum ɗaya ke shigo mini, wata tsohuwa Bazabarma da ke zuwa ɗibar wuta kowace safiya da ɗan kaskonta. Ba ta jin Hausa, ba na jin Zabarmanci, amma takan zauna ina tono mata garwashi, muna hira da hannu. Ranar da ta tarar da murhuna na itace a sanyaye, sai na miƙa mata kwalin ashana. Ta yi godiya ta fita. Tun daga ranar ban sake ganinta ba.

Jiya na sayi itace, na hura wuta ba tukunya a kai, ko za ta hango hayaƙi. Har ta zama toka ba wanda ya yi sallama. Gobe ma zan hura.

Ki gaishe da Inna da maƙwabta, ku sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi