Jirin Tsaye

Litinin, 4 ga Nuwamba
Zuhura, matar ɗana Amiru, ta sauka lafiya. Namiji. Kunnuwan mijina marigayi Elhaji ya kwaso, ba ragi. Na yi ta dariya ni kaɗai.

Laraba, 6 ga Nuwamba
Na miƙe daga tabarma da jariri a hannu, sai duhu. Bango ne ya tare ni. Zuhura ta karɓe shi ta shige ɗaki. Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba
Amiru ya kai ni likita a bayan moto, ina ta mita. Wadda ta duba ni Rahinatu ce, ɗalibata ta dā a lakwal, mai cin alli. Ta auna tansiyon, wato ƙarfin jini, ina kwance, ta sake ina tsaye. Ya faɗi sosai.
Ta ce, "Madam Azara, in mutum ya miƙe jini na gangarawa ƙafafu. Akwai jijiyoyi a wuya masu jin ya ragu, su kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta sa zuciya ta ƙara sauri, hanyoyin jini su tsuke. Naki saƙon ya fara jinkiri, ga maganin hawan jini ya yi miki yawa."
Shekara talatin ina hukunta masu latti, ashe ga su a wuyana.
Ta rage ƙwayar. In sha ruwa, in zauna kaɗan kafin in tashi. Na ce goyo fa? Ta ce, "A zaune tukuna."

Litinin, 11 ga Nuwamba
Suna. Abdulhakim. Dangin Zuhura sun zo daga Korahane da rago da ƙwaryar cuku. A zaune na wuni kamar baƙuwa, wasu na tuƙa tuwo a tukunyata. Ya yi daɗi, ban faɗa musu ba.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Ba jiri yau.

Asabar, 30 ga Nuwamba
Rahinatu ta sake aunawa, ta ce lafiya lau, in yi goyona. Da na dawo Zuhura ta miƙo mini zane da kanta. Na goya shi har bakin ƙofa, na dawo.
Da la'asar na ji miyar kuka na neman kamu. Na yunƙura, sai na ga Zuhura ta riga ta nufi murhu. Yaro na barci a cinyata. Na koma na jingina. Don kar ya farka ne kawai.