Kwalbatin da Muka Rasa da Hannunmu

Daren Laraba, farkon damina

Yau ma ciwo bai bar ni na fita masallaci ba. Bayan la'asar Mai Unguwa ya shigo gaishe ni, daga taron masu tsara ayyukan hanyoyi yake. Ya zauna yana ta juya hularsa a hannu.

"Malam, kwalbatinmu na hanyar Rawayau an ɗage shi. Sai zagaye na gaba, nan da shekara uku."

Na ce, "Ba cikin aikin bana aka sa shi ba?"

"An sa. Amma injiniyoyin da suka zo dubawa sun ce lalacewar ba ta kai yadda muka kai kuka ba. An juya kuɗin zuwa wani gari."

Ana gobe injiniyoyin za su zo, mutanen garin nan suka yi gayya, suka cike kwazazzabon da ruwa ya ci a hanyar da ƙasa da buhunan yashi, wai kada motar baƙi ta maƙale mu ji kunya. Motar ta wuce sumul. Baƙin suka sha fura, suka rubuta abin da idonsu ya gani.

Ruwan shekaranjiya ya kwashe cikon gaba ɗaya. Ɗazu 'yata Binta ta kira daga Dutsin-Ma, ta ce ɗan acaɓa ya ƙi tsallakowa da ita, ta koma gida da maganina a jaka.

"Baba, ka yi haƙuri har ruwa ya ja."

Na ce mata to. Shekara uku a wurin masu tsara aikin ɗan jinkiri ne. Ni kuwa wannan daminar ma ban san ko zan ga ƙarshenta ba.